Zomo A Gaban Alƙali

Daga cikin sha'awoyin da mutanen Ingila da Amurka da Holan da Jamus suka daɗe suna kashe lokaci da dukiya a kansu, har suka kafa musu ƙungiyoyi da dokoki da alƙalai masu takardar shaida, akwai nunin zomaye, wato mutum ya yi kiwon zomo ba don nama ko fata ba, sai don ya ɗauke shi ranar gasa ya kai shi zauren da aka tara ɗaruruwan 'yan'uwansa, a ɗora shi bisa tebur, alƙali ya shafa shi, ya juya shi, ya duba haƙoransa da faratansa, sa'an nan ya faɗi matsayinsa. Tun da yake kiwon zomo ba baƙon abu ba ne a bayan ɗakunan gidajenmu, kuma hotunan waɗannan tarurruka sun fara shigowa hannun samarinmu ta wayoyinsu, ba mamaki a sami wanda zuciyarsa za ta raya masa shiga wannan fage. Shi kuwa Musulmi, kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta tun a farkon Ahalari, an hore shi da kada ya afka wa wani aiki sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. To, shin ya halatta ga ɗan Adam ya zauna ya rubuta yadda yake son wata halittar Allah ta kasance, ya yi ta haɗa namiji da mace har ya kusanci abin da ya rubuta, ya kuma fita yin gasa da shi?

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san surarsa ba, saboda haka bari mu fara da yadda abin yake gudana. A Amurka akwai ƙungiyar masu kiwon zomo da ake kira ARBA, wadda asalinta ya koma shekarar 1910, kuma ita ce ke sabunta wani littafi duk bayan shekara biyar, wanda a cikinsa aka siffanta kowane iri daga cikin irin zomaye wajen hamsin da ta amince da su: nauyinsa, da tsawon kunnensa, da launin idonsa, da laushin gashinsa, da yadda za a rarraba maki 100 a kan gaɓoɓinsa. Takwararta ta Biritaniya an kafa ta a 1934. Mai son farawa yakan je nuni tukuna ya yi kallo, ya nemi mai kiwo amintacce ya sayi ɗan zomo tare da takardar salsala mai nuna iyaye da kakanni har hawa uku. A Amurka ana rubuta wa zomon lamba da allura da tawada a cikin kunnen hagu, a Biritaniya kuwa zobe ake zura masa a ƙafar baya tun yana ɗan makonni, kafin gaɓar ta girma ta hana zoben wucewa. Daga nan sai a yi ta saba masa da hannu, a koya masa natsuwa bisa tebur, a yanke masa farce, a biya ɗan kuɗin shiga. Yaran Amurka da yawa ta hanyar ƙungiyar matasa ta 4-H suke farawa, inda shi kansa yaron ake gwadawa a ga yadda yake ɗaukar dabbarsa da abin da ya sani game da lafiyarta.

Alƙali kuwa yakan zaunar da zomon ya dubi ƙirarsa, ya kwantar da shi rigingine ya buɗe bakinsa, ya hura gashinsa don ya ga launin gindin gashin, ya shafo shi daga wutsiya zuwa wuya ya ga yadda zai koma ya kwanta. Wanda yake yoyon hanci, ko haƙoransa suka saɓa, ko ya zarce nauyin da aka ƙayyade wa irinsa, ko aka sami farin farce ɗaya tal a ƙafarsa alhali launinsa ya wajabta mai duhu, fitar da shi ake yi. Abin da ake samu galibi bai wuce ƙyallen yabo ko kati ko kofi ba, kuma zomo ba ya zama babban zakara a Amurka sai ya yi nasara sau uku a gaban alƙalai biyu aƙalla, kowace nasara kuwa a cikin zomaye biyar ko fiye na mutum uku ko fiye.

Abu na farko da ya kamata a tabbatar shi ne cewa jin daɗin kallon dabba mai kyau ba abin kunya ba ne a addini, domin Allah Maɗaukakin Sarki da kansa, a farkon Suratun Nahli, bayan ya ambaci ɗumi da nama da ɗaukar kaya da muke samu daga dabbobin ni'ima, sai ya lissafa kyawun da ido yake gani a gare su lokacin da suke dawowa da maraice da lokacin da suke fita kiwo a cikin ni'imominsa, kuma ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna don hawa da ƙawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ranar hawan sallah ya san abin da ake nufi. Shi kuma zomo dabba ce mai tsarki wadda mazhabobi huɗu suka halatta cinta, bisa hadisin Anas ɗan Malik da ya kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyarsa, ya kuma karɓa. Game da tsare ƙaramar dabba don sha'awa kawai, hujjar da malamai suka fi kafawa ita ce ƙissar Abu Umairi, ƙanen Anas, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Annabi ya tarar da yaron cikin baƙin ciki ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Ibn Hajar ya ambata a Fathul Bari cewa wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙassi, ya ciro fa'idodi wajen sittin daga wannan hadisi kaɗai, daga cikinsu har da halaccin tsare tsuntsu a keji da kashe kuɗi a kan abin da yaro zai yi wasa da shi na halal. Ni kuwa ina ganin yaron da ya koyi tashi da asuba ya sauya wa dabba ruwa, ya share mata keji, ya duba idonta da hancinta kullum, ya sami wata tarbiyya da wa'azi kaɗai ba ya bayarwa.

Akwai masu cewa wannan duka lahawu ne da alfahari, irin wanda Suratul Hadidi ta siffanta rayuwar duniya da shi, kuma su kafa hujja da yadda fuƙaha'u suka ƙi karɓar shaidar mai tashin tantabaru. Maganarsu tana da nauyi, amma waɗannan fuƙaha'u ɗin dai su ne suka halatta ajiye tantabaru don ɗebe kewa da hayayyafa da kai wasiƙa. Abin da suka ƙi shi ne shagala daga salla, da caca, da hawa soro ana leƙen gidajen mutane. Haka nan batun kyauta. Ibn Abi Zaidin, a ƙarshen Risala, ya kawo sharuɗɗan tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, kuma manufarsu ita ce kada kuɗin 'yan takara ya zama abin da wani zai kwashe wani ya yi hasara. Idan kuɗin shiga na hayar zaure ne da ladan alƙali, kyautar kuma ƙyalle ce ko wani abu da wanda ba ya cikin takara ya bayar, to, ban ga caca a nan ba. Idan kuwa tara kuɗin aka yi don wanda ya ci ya kwashe, wannan ita ce surar ƙimari ko da an lulluɓe ta da gashin zomo, kuma barinta wajibi ne. Maganin alfahari kuwa yana cikin ƙissar Adba'u, taguwar Annabi wadda ba a taɓa tsere mata ba, har ranar da wani balaraben ƙauye ya zo da matashin raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa Sahabbai ciwo, Annabi kuwa ya sanar da su cewa sunnar Allah ce babu abin da zai ɗaukaka a duniya face ya ƙasƙantar da shi. Lambar kunne ma ba ta da wahala, domin Risala ta karhanta yi wa dabba shaida a fuska ta halatta a sauran jiki, kuma an ruwaito Anas ya ga Annabi yana yi wa tumaki shaida da hannunsa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Inda mas'alar take da wuya, inda kuma nake roƙon mai karatu ya ɗan tsaya tare da ni, shi ne wancan littafin siffofi, da abin da yake aikatawa a jikin dabba bayan shekaru masu yawa.

A Suratun Nisa'i, aya ta 119, an ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya ɗauka cewa zai umarci mutane su tsattsage kunnuwan dabbobi su kuma canza halittar Allah. Mufassirai sun saɓa a kan wannan canzawa, wasu suka ce dandaƙa ce, wasu suka ce zanen jiki ne, Ɗabari kuwa ya rinjayar da cewa canza addinin Allah ake nufi. Tsage kunnen kuma wanda mushirikai suke yi ne don keɓe dabba ga gumaka. Ba na ganin zaɓen iri ya shiga ƙarƙashin wannan aya, domin mai kiwo bai ƙagi kome ba, yana zaɓa ne daga abin da Allah ya riga ya ajiye a cikin tsatson dabbar. Larabawa sun tsare salsalar dawakinsu har Ibnul Kalbi ya wallafa littafi a kanta, kuma ba don makiyayanmu sun yi ƙarnuka suna zaɓen ragon da za su bari ya yi barbara ba, da ba mu sami balami da girmansa ba, da ba mu sami uda da rabin jikinsa duhu rabi fari ba. Zomon nan da ake kira Dutch, wanda rabin makinsa duka yake kan daidaiton iyakar fari da duhu, bai fi uda zama abin mamaki ba.

Amma akwai bambanci mai girma tsakanin zaɓen makiyayi da zaɓen mai gasa. Makiyayi yana neman ragon da zai iya tafiya har mashaya ya dawo, ya jure rani, ya haifi 'ya'ya masu ƙwari, saboda haka maslaharsa da lafiyar dabbarsa hanya ɗaya suke bi, kuma in ya zarce iyaka daji da kansa zai gyara masa kuskurensa. Mai gasa kuwa idon alƙali yake nema, shi kuma ido, idan aka jera masa zomaye ashirin masu dogon kunne, wanda ya fi su tsawo shi zai ɗauke masa hankali. Wanda ya ci shi za a yi ta kai wa mata, 'ya'yansa su zama ma'aunin shekara mai zuwa, a haka a haka har siffar da aka fara so don kyau ta zama lalura ga mai ɗauke da ita, babu daji kuma da zai tsawata, domin keji da magani sun tsare dabbar daga mutuwar da za ta nuna an yi ɓarna. Abin ya zama kamar a ɗinka riga tukuna, sa'an nan a ce jikin mai sawa ne za a gyara ya dace da ita.

Misalan a bayyane suke. Zomon Ingila mai zubabben kunne ba a karɓarsa a gasar Amurka sai tsawon kunnuwansa daga wannan baki zuwa wancan ya kai inci 21, kuma a 2003 an auna wani a Kansas aka sami santimita 79. Irin wannan zomo yana taka kunnensa in zai yi tafiya, faratansa suna yaga shi, a lokacin sanyi kuma bakin kunnen yakan jiƙe a kwanon ruwa ya daskare, likitocin dabbobi kuwa sun tabbatar cewa masu zubabben kunne sun fi saura fama da ciwon kunne, saboda ƙofar kunnen ta lanƙwashe ba ta shan iska. Tun a 1868 Charles Darwin, a littafinsa kan sauye-sauyen dabbobin gida, ya lura cewa zomon da kunnensa ɗaya ya zube ɗaya yana tsaye, ƙoƙon kansa ma yakan karkace. Wadan zomo na Holan, wanda ba a yarda ya wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, an yi ta gajarta masa fuska don ya riƙa kama da jariri, alhali haƙoran zomo ba sa daina tsiro muddin ransa, in kuwa na sama da na ƙasa ba su haɗu daidai sun goge juna ba, sai su yi ta tsawo har su hana shi ci. Angora kuma, mai gashi kamar auduga, ba ya iya tsabtace kansa sai da taimakon mutum, gashin da yake lasa yana iya cushe masa ciki, zomo kuwa ba ya amai.

A nan ne nake ganin hukunci yake juyawa. Suratul An'ami ta sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamarmu, wato kowace tana da tafarkin rayuwa da aka shiryar da ita gare shi, kuma cikar zomo a wurin Mahaliccinsa ita ce ya iya tsalle, ya iya tauna, ya iya juya kunnensa ya ji motsi, ya iya haihuwa ya shayar. Cikar da littafin alƙalai yake siffantawa sha'awar mutane ce da aka rubuta, kuma babu laifi a rubuta sha'awa muddin ba ta ci karo da waccan cikar ta farko ba. Mazhabar Malik ta halatta dandaƙe rago don gyaran namansa ta kuma hana dandaƙe doki, abin da ke nuna cewa ana auna azabar da dabba za ta sha da maslahar da za a samu. To, wace maslaha ce a cikin ƙyallen yabo da za ta rinjayi ciwon kunne na tsawon rai? Ni ban same ta ba, kuma ba na tsammanin mai adalci zai same ta.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da haka shi ne cewa wani sashe na wannan cuta ana iya kauce masa ba tare da an rasa kome ba. Wadancin zomon Holan yana zuwa ne daga wani irin gado wanda in ɗa ya gaje shi daga ɓangare ɗaya sai ya zama wada mai rai, in kuwa ya gaje shi daga uwa da uba duka sai a haife shi ɗan mitsitsi ya mutu cikin 'yan kwanaki. Idan aka haɗa wada da wada, a bisa ƙiyasi rabin 'ya'yan wadanni ne, kashi ɗaya cikin huɗu masu ɗan girma, kashi ɗaya cikin huɗu kuwa matattu tun kafin su buɗe ido. Idan aka haɗa wada da macen irinsa mai ɗan girma wadda ba ta ɗauke da wannan gado, rabin 'ya'yan dai wadanni ne, kuma babu ko ɗaya da aka haifa don ya mutu. Haka lissafin yake a zomon Ingila mai ɗige-ɗige: haɗa mai ɗige da mai ɗige yana fitar da kashi ɗaya cikin huɗu masu yawan fari waɗanda sukan yi fama da ciwon hanji, haɗa mai ɗige da mai launi ɗaya kuwa yana ba da rabi masu ɗige ba tare da waɗancan ba. Masu kiwo na kirki a can sun san haka, wasunsu kuma suna aiki da shi. Ƙa'idar shari'a ita ce ana gusar da cuta, balle cutar da gusar da ita bai rage wa mai ita ko zomon gasa ɗaya ba.

Shi ya sa nake ganin babban hukuncin da mai farawa zai yanke, yana yanke shi ne ranar da ya zaɓi iri, tun bai ga alƙali ba. Irin da kunnensa yake tsaye, fuskarsa ba ta gajarce ba, gashinsa gajere, jikinsa matsakaici, kamar Dutch ko farin New Zealand da aka saba gani a kejin mutanenmu, ana iya yin gasa da shi da zuciya natsattsiya. A ƙasarmu ma dalilin ya ninku, domin zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, kuma zafin bazara yana kashe shi cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya shigo da Angora ya ajiye ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ya san abin da ya aikata. Tara dabbobi wuri ɗaya kuma yana da nasa haɗari, ga cutar nan mai zubar da jini a cikin zomaye da aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, wadda sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, ya kuma sa aka soke tarurrukan nuni a wasu jihohin Amurka a 2020. Annabi ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya, kuma wannan hani ya hau kan wanda ya ga zomonsa yana atishawa ya goge masa hanci ya kai shi zaure, kamar yadda hanin algus ya hau kan mai tuge farin gashi ko rina farce don ya ruɗi alƙali. Kada a ce Musulmi ya fi ƙarfin wannan, domin a gasar kyawun raƙuma ta Saudiyya a 2018 an kori raƙuma 12 saboda an yi musu allurar gyaran leɓe da fuska.

Saura waɗanda ba su ci ba, kuma su ne mafi yawa. Cikin zomanya kwana 31 ne, takan haifi shida ko takwas, kuma da wuya a sami fiye da ɗaya ko biyu a cikinsu da za su dace da littafi; shi ma wanda ya dace 'yan shekaru kaɗan yake yi yana haskawa, alhali zomon gida yana iya kai shekara takwas ko goma. Izzuddini ɗan Abdus Salam, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 660 bayan Hijira, da ya zo lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya sa ciyar da su ko da sun tsufa ko sun yi rashin lafiyar da ba a amfana da su, da kada a haɗa su da abin da zai cutar da su, da kyautata yanka idan za a yanka. Kowa kuma ya san, a hadisi, makomar matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Zomon gida kuwa sakinsa ba jinƙai ba ne, domin bai san daji ba, kare ko muzuru ko ƙishirwa za su gama da shi. Hanyoyin da suka rage wa mai shi uku ne: ya ci gaba da ciyar da shi har ajalinsa, ko ya ba wanda ya tabbata zai kula da shi, ko ya wasa wuƙa ya ambaci sunan Allah ya yanka iyali su ci. Wannan ta uku, wadda da yawa daga masu sha'awar zomo a Turai suke ƙyama, a wurinmu halal ce babu kokwanto, kuma ta fi barin dabba a ƙuntataccen keji bayan ɗaki ana mantawa da ruwanta saboda farcenta ɗaya ya fito fari. Mai niyyar farawa sai ya ƙidaya kejinsa da abin da aljihunsa zai iya na dusa da harawa, ya san inda kowane ɗa zai tafi, kafin ya kai mace wurin namiji.